Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Kwamishinan Lafiya Na Jihar Katsina: A Riƙa Haɗa Wa Mata Ƙwaya Da Kwaroron Roba

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina yi maka sannu da aiki da hidimar jama'a. Allah ya ba ka ikon sauke nauyin da ke wuyanka.

Ni ungozoma ce mai ritaya a nan Daura. Na yi shekara 32 ina duba masu awo ina karɓar haihuwa, daga cikin gari har ƙauyukan Zango da Sandamu. Yanzu da na ajiye aiki, ɗan abin da ya rage mini shi ne matan makarantar Islamiyyarmu ta Asabar da Lahadi, waɗanda in an tashi karatu sukan tare ni a bakin zaure da tambayoyin da ba su iya yi a asibiti ba. Da yawunsu nake magana. Dukkansu matan aure ne, wasu ma har da surukai, kuma su ne suka ce mini, "Inna, ki rubuta, mu kunya ba za ta bar mu ba."

Abin da ya sa na ɗauki biro shi ne, daga ƙaramar Sallah zuwa yau, mata uku a cikinsu suka samu ciki alhali suna shan ƙwayar tazarar haihuwa. Biyu na goyo ne, wato sun yi kwanika. Na zauna da kowace ɗaya na bi zancen tun daga tushe, sai na tarar ƙwayar ba ta da laifi, su ma ba su da laifi. Kowace an miƙa mata kwali an ce ta riƙa shan ɗaya kullum, shi ke nan. Babu wadda aka gaya wa cewa akwai ranakun da ƙwaya ita kaɗai ba ta isa, kuma babu wadda aka haɗa wa da kwaroron roba ko guda ɗaya. Ban zo da zargin kowa ba, ranka ya daɗe. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

Kai ka fi ni sanin alƙaluma, amma bari in maimaita saboda masu karatu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce in mata 100 suka sha ƙwaya daidai, kullum a kan lokaci, wadda za ta samu ciki a shekarar farko ba ta kai ɗaya ba. Amma yadda mutane suke sha a zahiri, da mantuwa da jinkiri, wajen 7 ne ke samun ciki. Kwaroron roba na maza kuma 2 ne cikin 100 in an yi daidai, 13 a yadda aka saba. To tazarar da ke tsakanin ɗaya da bakwai ɗin nan, ni na san inda take. Tana gidan biki inda mace ta kwana uku ta bar kwalin a ƙarƙashin katifa. Tana zaman makoki, tana jinyar yaro a gadon asibiti, tana ranar da kwali ya ƙare kuma babu kuɗin mashin zuwa karɓo wani. Macen da ke da yara biyar da girki da surfe ba agogo ba ce. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, shi ya sa masana suka ce a haɗa biyun.

Ƙorafinmu na farko ke nan, ba a faɗa wa mata ranakun haɗari. Ƙa'idojin kuwa ba su da wuyar riƙewa. Macen da ta fara ƙwaya mai sinadari biyu, irin su Microgynon ko Combination 3, bayan kwana biyar da fara al'ada, sai ta yi kwana 7 tana sha kafin ta dogara da ita, a tsakanin nan kuwa kwaroron roba ne ko haƙuri. Wadda ta tsallake kwana uku a jere, ko ta yi jinkirin kwana uku wajen buɗe sabon kwali, ita ma kwana 7 ne. Wadda ta yi amai cikin awa biyu da haɗiye ƙwaya, ta ƙara shan wata. In amai da gudawa suka yi tsanani suka wuce kwana biyu, kamar yadda muke gani kowace damina, a ɗauka ba a sha ba. Ita kuwa ƙwayar masu shayarwa mai sinadari ɗaya ta fi tsanani, jinkirin awa uku kawai ya isa ya ɓata lissafi, sai an yi kwana 2 da kariya. Ɗaya daga cikin matan nan uku, a watan azumi ta mayar da shan ƙwayarta daga hantsi zuwa bayan tarawihi, a ganinta ai duk rana ɗaya ce. Ɗanta bai kai wata tara ba yanzu, ga wani cikin.

Ta biyun ita ce ta fi tsaya mini a rai. Yarinya ce 'yar shekara ashirin da 'yan kai, na san ta tun tana tallan fura. Tari ya kama ta bayan haihuwa, aka gwada aka ce tarin fuka ne, aka ɗora ta a kan maganin wata shida. Ta yi biyayya, ba ta taɓa fashin magani ba, kuma ita da mijinta suka yi shawara cewa ba za ta ɗauki ciki ba sai ta warke ta yi ƙwari. Ta je wani kemis ta sayi ƙwaya, tana sha kullum bayan sallar isha'i. Abin da ba wanda ya gaya mata, a inda ake ba ta maganin tari ko a inda ta sayi ƙwaya, shi ne rifamfisin, maganin nan da ke mayar da fitsari ja, yana sa hanta ta narkar da sinadarin ƙwayar da sauri har ya rasa ƙarfi. Wannan sananne ne, yana cikin littafin kowace ɗalibar ungozoma. Mai shan rifamfisin dole ta yi amfani da kwaroron roba duk tsawon maganin da kwana 28 bayan gamawa, ko kuma a sauya mata zuwa allurar wata uku ko robar mahaifa, waɗanda maganin ba ya taɓa su. Haka abin yake ga wasu magungunan farfaɗiya, irin su kabamazefin da fenobabiton da fenitoyin. Da cikin ya bayyana, dangin miji suka ce dama ƙarya take yi ba ta sha, ita kuma ta rantse har da kuka. Na je gidan da kaina na yi wa uwar mijin bayani. Ta saurare ni saboda furfurata, amma ba kowace yarinya ke da tsohuwar ungozoma a unguwarsu ba.

A nan bari in ɗan ratse. Mata da yawa sun ɗauka duk wani kafso yana kashe ƙwaya, har wata takan daina shan maganin da likita ya rubuta mata saboda tsoro. Ba haka ba ne. Amoksisilin da ire-irensa ba su da wannan matsalar. Rashin bayani yana cutarwa ta ɓangare biyu, wadda ya kamata ta ji tsoro ba ta sani ba, wadda babu ruwanta kuma tana ta fargaba.

Ƙorafi na biyu ya fi nauyi a baki, amma tunda na tsufa zan faɗa. Ƙwaya ba ta hana cuta. Ba ta hana ciwon sanyi, ba ta hana tunjere, ba ta hana ciwon hanta, ba ta hana ƙanjamau. Haka allura, haka ashanar da ake sa wa a damtse, haka robar mahaifa. A duk hanyoyin tazarar haihuwa da muke da su, kwaroron roba na maza da na mata ne kaɗai ke tare ciki da cuta a lokaci guda. Na sha jin ana cewa mu a Katsina babu ruwanmu da wannan, kuma gaskiya ne babban binciken ƙasa na 2018, wanda marigayi Shugaba Muhammadu Buhari ya bayyana sakamakonsa a watan Maris na 2019, ya nuna jiharmu tana cikin mafi ƙarancin masu ɗauke da ƙanjamau, kashi 0.3 cikin ɗari, yayin da na ƙasa baki ɗaya yake kashi 1.4. Alhamdu lillahi. Amma wannan binciken dai shi ne ya nuna kusan mutum 8 cikin 100 na manyan Najeriya suna ɗauke da ciwon hanta nau'in B, wanda shi ma ta shimfiɗa yake yaɗuwa, kuma ya fi ƙanjamau saurin kamu. Mutum zai yi shekaru yana ɗauke da shi bai sani ba, sai ranar da ciki ya kumbura ido ya yi rawaya a ce sammu ne.

Sai kuma abin da matanmu ke kira sanyi. Duk wani ƙaiƙayi da fitar ruwa da ciwon mara sanyi ne, kuma duk an ɗora wa banɗaki laifi. Wani na banɗaki ne a bakin mutane kawai, asalinsa daga shimfiɗa ya zo. A gidan da ke da mata biyu ko uku, in cutar ta shiga ɗaki ɗaya sai ta zaga da kwana. Uwargida ta je asibiti a yi mata magani, maigida bai sha ba, amarya ba ta sani ba, bayan sati biyu ta dawo mata sabuwa. Na ga inda wannan zagayen yake ƙarewa. Na ga yarinyar da ta haihu sau ɗaya haihuwa ta tsaya cak saboda hanyoyin ƙwai sun toshe, aka yi ta kai ta wurin masu magani har aure ya mutu. Na ga ciki a wajen mahaifa da ya fashe da tsakar dare. Na karɓi jariran da idonsu ke zubar da mugunya tun ba a yi suna ba, na karɓi waɗanda tunjere ya kashe a ciki. Ƙa'ida ita ce a yi wa kowa na gidan magani lokaci guda, a ƙaurace wa juna har a gama a ƙara kwana bakwai, in hakan ya gagara a sa kwaroron roba. Kuma kada mu manta, ƙasar Daura ƙasar 'yan ci-rani ce da direbobi da fatake. Daga Kongolam zuwa Legas da Fatakwal babu inda mazanmu ba sa zuwa neman halali. Ban ce kowa yana ɓarna ba, Allah ya kiyaye. Akwai bazawara da bazawarin da suka shigo da cuta daga auren baya ba su sani ba, akwai wanda ya samo a wurin aski ko ƙarin jini.

To me ya hana mace ta nemi kwaroron roba da kanta? Ranka ya daɗe, kai ma ɗan ƙasar nan ne. Ranar da matar aure ta ce wa mijinta ya sa roba, ta yi ɗaya daga cikin abu biyu a kunnensa, ko ta zarge shi da neman mata, ko ta tona wa kanta asiri. Shi ma magidanci mai mutunci ba zai tsaya a kemis ɗin unguwarsu, gaban yaran da suka zo sayen fanadol, ya buɗe baki ya tambaya ba, don kafin magariba zance ya kai majalisa. Mun bar abin ya zama tambarin 'yan bariki, alhali ma'aurata ne suka fi kowa buƙatarsa.

Abin da shekaru suka koya mini shi ne, roba tana shiga gida lafiya in ta biyo bayan ƙwaya. In malamar asibiti ta miƙa wa kowace mace kwalin ƙwaya da robobi a ƙunshi ɗaya, ba tare da an tambaya ba, ta ce wannan na ranakun da aka manta ne ko aka yi amai, to mace ta samu abin faɗa a ɗaki: "Malam, dokar asibiti ce, kowa haka ake ba shi, kwana bakwai ne kawai." Babu zargi a cikin wannan maganar. Kuma namijin da ya saba da ita saboda kwana bakwai na mantuwa, ranar da aka ce yana da sanyi ko ciwon hanta ba zai ga abin baƙo ba. Na gwada wannan da hannuna a shekarun aikina na ƙarshe, kuma maza kaɗan ne suka mayar mini da ita.

Na san za a ce addini. Ni ba malama ba ce, amma a Islamiyyar nan tamu muka karanta hadisin Jabir ɗan Abdullahi, Allah ya yarda da shi, wanda Bukhari da Muslim suka ruwaito, cewa sahabbai suna yin azalu, wato zubar da maniyyi a waje, alhali Alƙur'ani yana sauka. Mun kuma karanta aya ta 233 a Suratul Baƙara da ta ambaci shekara biyu cikakku na shayarwa. Malamai da yawa sun yi ƙiyasin kwaroron roba a kan azalu tsakanin miji da mata in sun yarda da juna. Ba ƙayyade iyali muke nema ba. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna macen Katsina tana haihuwar 'ya'ya sama da bakwai a matsakaici, 7.3, mafi yawa a duk Najeriya, kuma matan da nake magana da yawunsu suna son 'ya'yansu suna kuma son ƙari. Hutu suke nema tsakanin wannan da wancan, da kuma lafiyar da za su yi renon.

Akwai kuma matsalar ita robar kanta. A watan Afrilu zafin Daura yana wuce digiri 40, amma za ka ga kwalaye a shagon kwano ko a faranti a tasha rana tana dukansu tun safe. Zafi yana cinye roba, ta tsage lokacin da ake buƙatarta. Mutane ba su san a duba ranar lalacewa da lambar NAFDAC ba. Ba su san cewa duk wani abu mai maiƙo, baselin ne ko man kaɗanya ko man zaitun ko man gyaɗa, yana raunana ta cikin ɗan lokaci ba, kuma mun san yadda kayan mata na shafawa da na matsi suka cika ɗakuna. Wani ma sai ya sa biyu a haɗe wai don ƙarin tsaro, gogayyarsu kuwa ita ke yaga su. In ta tsage sau ɗaya, shi ke nan, ya yanke hukunci cewa roba aikin banza ce, ya kuma gaya wa abokai goma.

Saboda haka, ranka ya daɗe, ga abin da muke roƙo.

Muna roƙon a fitar da umarni a rubuce zuwa duk asibitocin matakin farko na ƙananan hukumomi 34, cewa duk macen da aka ba ƙwaya a haɗa mata da kwaroron roba, ko ta tambaya ko ba ta tambaya ba, tare da 'yar takarda mai bayanin ranakun haɗari. A rubuta ta da Hausar boko da ajami, a sa zane, don da yawa daga matan karkara ajami suke karantawa. Kada ta wuce tafin hannu.

Muna roƙon a haɗa masu ba da maganin tarin fuka da masu duba farfaɗiya da ɗakin tazarar haihuwa. Tambaya ɗaya ce za a ƙara a katin mara lafiya: kina shan ƙwaya? Wannan ba ya cin ko sisi.

Masu kemis su ne asibitin talaka, ko mun so ko mun ƙi, kuma mata da yawa a wurinsu suke saye don gudun layi da idon jama'a. A kira shugabanninsu a horar da su a kan waɗannan ƙa'idoji, da yadda ake ajiye roba, da kuma cewa Postinor, ƙwayar da ake sha bayan saduwa don hana ciki, maganin gaggawa ne ba na kullum ba. A tuna musu cewa ƙwaya mai sinadari biyu ba ta dace da mai hawan jini ba, ko mai goyon da bai kai wata shida ba. Kemis ɗin da ba shi da abin awon jini, ya tura mace asibiti kafin ya sayar mata kwalin farko.

A nemo maza su yi wa maza magana. Ni tsohuwa ce, amma akwai abin da ba zan iya faɗa wa ɗan cikina ba. Ma'aikatan lafiya maza su je inda maza suke, tashar mota, kasuwar Mai'aduwa ranar Lahadi, majalisun dare. A nemi albarkar Mai Martaba Sarkin Daura da Mai Martaba Sarkin Katsina, Allah ya ja zamaninsu, da hakimai da limamai, kamar yadda aka yi a lokacin rigakafin shan inna. A samu fili a Rediyon Jihar Katsina da Companion FM, bayan isha'i lokacin da yara sun kwanta, likita da malami su zauna tare su amsa tambayoyi ba tare da an ambaci sunan mai tambaya ba.

A faɗaɗa gwajin ciwon hanta da tunjere a wurin awo, kuma in an samu mace da shi a kira mijin cikin sirri da mutunci. Wanda bai kamu da ciwon hanta ba akwai allurar rigakafi, kafin ta kama jiki kuwa roba ce kariyarsa.

Na ƙarshe shi ne kaya. Tun 2011 Gwamnatin Tarayya ta ce kayan tazarar haihuwa kyauta ne a asibitocin gwamnati, amma kowa ya san kaso mai yawa daga masu tallafi na waje yake zuwa, kuma tun farkon 2025 Amurka ta janye hannu daga yawancin irin wannan tallafi. Muna roƙon jiha ta ware nata kuɗin a kasafi, a kuma sake shi a kan lokaci, har da kuɗin kai kayan ƙauye. In malamar asibiti ta yi wa mace duk wannan bayanin sannan ta buɗe kabad ta tarar babu komai, matar ba za ta sake biyan kuɗin mashin ta dawo ba.

Mu tsofaffin ungozomomi da nas-nas da muka yi ritaya muna nan da yawa a Daura da Katsina da Funtuwa, ƙafa ce kawai ta ɗan yi nauyi. In za a rubuta 'yar takardar nan, a kira mu mu zauna da masu rubutawa, don mun san kalmar da mace za ta karanta ba ta ji kunya ba, da wadda za ta sa miji ya yaga takardar. Ni dai na riga na rubuta tawa da hannu a bayan katin awo, ita nake kwafa wa matan Islamiyya, kuma a shirye nake in kawo ta ofis duk ranar da aka ce in zo.

Allah ya ƙara maka lafiya, ya yi riƙo da hannunka.

Wassalam.

Taku,
Ungozoma mai ritaya, a madadin matan Islamiyyar Asabar da Lahadi,
Daura.